Yadda Ake Shirya Gida Ya Sayu Da Wuri A Makka Da Jidda

Da fenti na fara, ina yaro ina riƙe wa kawuna tsani a unguwar Rusaifa. Daga baya masu ofisoshin dillanci suka riƙa kirana in gyara musu gidan da ya daɗe a kasuwa babu mai taya. Yawancin gidajen da suka bi ta hannuna na mutanenmu ne, Hausawan Makka da Jidda, kuma labarin kusan iri ɗaya ne: mahaifi ya rasu magada na son a raba, ko gida ya yi wa iyali kaɗan, ko bashi ya taso. Kowa sauri yake yi. Abin da na gani shi ne, tsufa kaɗai ba ya hana gida sayuwa. Abu uku ne ke riƙe shi: takarda, ruwa, da tarin kaya. In ka gama da waɗannan, ɗan'uwa, sauran aikin mai sauƙi ne. Ka ware mako uku, kada ka sa talla kafin su cika.

Abin da za ka tanada

Na gyaran bango: fentin ruwa mai launin sukari ko fari mai ɗan duhu, da fentin shimfiɗa wanda masu shago ke kira asas, da ma'ajun na cike huda, da wuƙar kankare bango, da samfefa, a nan sanfara suke ce mata. Sai rola da buroshi, tef ɗin takarda, ledar rufe ƙasa, da tsani. Lita ɗaya ta fenti takan rufe kamar murabba'in mita 10 a shafa ɗaya, kuma shafa biyu za ka yi, to ka auna bangonka ka lissafa.

Na banɗaki da kicin: tarwiba ta cike tsakanin tayil, silikon mai hana baƙin danshi, farin tef na famfo, khal, wato ruwan tsami na binega, sabulun wanke maiƙo, safar hannu da takunkumi. Sai tocila mai ƙarfi, ƙwayayen fitila masu haske iri ɗaya, kwalaye da yawa, da alƙalamin rubutu a jikin kwali. Ka samu jaka ɗaya ta takardu, komai na gidan ya shiga cikinta.

Mutane uku za ka nema tun da wuri: mai gyaran famfo, mai lantarki, da mai ƙaramar motar kwashe kaya, irin dabbab ko Dyna. In kuɗi sun yi ƙaranci, fenti da wanki za ka iya da kanka da yaran gida. Lantarki kuwa kada ka taɓa shi.

1. Fara da takarda

Ita ce tafi cin lokaci, shi ya sa take gaba. Ɗauko sakkin gidan, wato takardar mallakarsa, ka duba: tsohon na takarda ne ko an sabunta shi ya koma na intanet? In tsoho ne, ka nemi sabuntawa ta hidimomin Ma'aikatar Shari'a tun ranar farko, domin ba a yin ifragi, wato mayar da mallaka ga mai saye, sai da sabuntacce. Ka duba sunan mai gida da lambar katinsa, da faɗin fili, da iyakoki huɗu, ko sun dace da abin da ke ƙasa. In gidan na jingine a banki, je ka ji nawa ya rage da yadda za a warware jinginar. In unguwarku ta shiga cikin waɗanda aka sanar da rajistar Sijillil Aƙari, wato kundin gwamnati na filaye da gidaje, ka yi rajistar.

Gidan gado shi ne mai wuyar. Ana buƙatar takardar ƙididdige magada, hasarul warasa, sannan kowane magaji ya ba mutum ɗaya wakilcin sayarwa. Wanda ke cikin ƙasa zai yi ta Najiz, shafin intanet na Ma'aikatar Shari'a, yana zaune a ɗakinsa. Amma gidajenmu ba sa rasa 'yar'uwa da ke aure a Kano, ko ɗan'uwa a Yamai ko Gadarif, kuma wakilcin da aka rubuta a waje sai ya bi ta hukumomin can da ofishin jakadancin Saudiyya an buga masa hatimi. Wannan kan ɗauki makonni. In akwai maraya da bai balaga ba cikin magada, sai kotu ta ba da izini. In akwai magajin da ba ɗan ƙasa ba ne, musamman gidan na cikin Makka ko Madina, ka zauna da lauya kafin ka yi wa kowa alkawari.

Na taɓa gama gida tsaf, mai saye ya zo ya yaba, an yi ciniki, sai a ranar aka tuna akwai wata gwaggo da ba a ko gaya mata ba. Kafin takardarta ta iso mutumin ya sayi wani gidan a Shauƙiyya. Ba ta ƙi ba, baiwar Allah, ba a tambaye ta ba ne kawai. Ku zauna ku duka, na nesa a saka su ta waya, ku tsayar da kuɗin da ba za a sauka ƙasa da shi ba, ku rubuta.

In gidan ba shi da sakki sam, takardar cinikin hannu kawai gare shi kamar gidaje da yawa na kan duwatsu, ka sani banki ba zai ba mai saye bashi a kansa ba, kuma ba a yi masa ifragi. Ka faɗi haka tun a waya, ka nemi shawarar lauya. Haka nan tun bayan rusau na Jidda da aka fara a ƙarshen 2021 har cikin 2022, wanda ya ci unguwanni irin su Sabil da Gulail da Karantina, duk mai saye sai ya tambaya ko unguwar na cikin layin rusau. Faɗa masa abin da ka sani, kada ka ƙara, kada ka rage.

2. Fitar da kaya

A nan ne ake samun ɓacin rai a cikin gida, don haka a bi a hankali. Gidan Bahaushe a Makka gidan baƙi ne. Za ka tarar da katifu ashirin na alhazai a jibge, manyan tukwanen biki, tabarmi, jarkoki, da ɗaki guda cike da jakunkunan ajiya da wasu suka bari tun shekaru da cewa za su dawo baɗi. Mai saye ba ya ganin karamcin da ke bayan wannan, ƙuncin ɗaki yake gani.

Raba kayan gida huɗu: na tafiya sabon gida, na sayarwa, na sadaka, na zubarwa. Ka bi ɗaki ɗaya-ɗaya, kada ka buɗe na biyu sai ka rufe na farko, ka rubuta a jikin kowane kwali abin da ke ciki. Na sayarwa a kai kasuwar gwanjo, Mu'aisim a Makka ko Sawarikh a Jidda, ko a kira masu sayen tsofaffin kaya su zo su taya. Kayan ajiya amana ne, ba a zubarwa. Ɗauki hoton kowace jaka, a tura wa dangi ta WhatsApp a nemi masu su, a ba su wa'adi, wanda ba a samu ba a kai gidan wani ɗan'uwa. Kayan mamaci kuma, tufafinsa da littattafansa, a bar wa iyaye mata su taɓa da hannunsu, kada yara su yi musu gaggawa.

In an taɓa yanka ɗakuna da katako ko jibs domin hayar alhazai, a cire, ɗaki ya koma girmansa. Kuskuren da kowa ke yi shi ne a kwashe tarkacen ɗakuna a jibge a saman bene ko ƙarƙashin matakala. Mai saye zai hau saman nan, domin yana lissafin ko zai gina mulhaƙ, wato ƙarin ɗaki, a wurin. In babu inda za a kai kayan, zaɓi ɗaki ɗaya mafi ƙanƙanta, a jera kwalaye a jikin bango guda, a bar hanyar shiga da taga a buɗe.

3. Bi sawun ruwa kafin ka taɓa fenti

Wani dattijo ya taɓa zuwa duba gidan da na kwana biyar ina shafa wa fenti. Bai ko kalli majalisa, wato ɗakin baƙi, ba. Ya wuce tsakar gida, ya sa aka ɗaga murfin tankin ƙasa, ya haska da wayarsa, sannan ya dafa bangon da ke kusa. Farin gishiri ya biyo tafin hannunsa. Ya kakkaɓe, ya ce Allah ya sa albarka, ya fita. Tun ranar na daina ɗaukar rola sai na gama da ruwa.

Ga yadda nake gwadawa. Rufe duk famfunan gida, ka duba mitar ruwa, ka dawo bayan awa biyu. In ta motsa, akwai yoyo a wani wuri. Tankin ƙasa, khazzan, a cika shi, a kashe dinamo, wato injin tura ruwa, a rufe shigar ruwa, a yi alama a bakin ruwan, a dawo washegari war haka. In ya sauka, tankin na tsiyaya, sai an kwashe an yi masa azal, wato shafen hana yoyo. Tankin sama a duba awwamar da ke tsayar da ruwa, domin in ta lalace ruwa kan yi ta zuba a rufi dare da rana. A wanke tankunan biyu, murfi ya zauna daram.

Rufin bene kuma a toshe magudanansa, a sake masa ruwa kamar tsayin yatsa uku, a bar shi kwana ɗaya zuwa biyu, a riƙa duba silin ɗin ɗakunan ƙasa. Ruwan sama ba ya yawa a nan, amma in ya zo da ƙarfi yake zuwa, kuma mutumin Jidda bai manta ambaliyar 2009 ba. In gidan na kan bayyara ne, wato ramin tara ƙazantar ruwa, ba a haɗa shi da magudanar gari ba, a kira mota ta zuƙe kafin a fara kawo mutane.

Inda ka ga fenti ya kumbura a gindin bango, duba abin da ke bayansa. Sau da yawa banɗaki ne, tarwibar tayil ta zaizaye ruwa na bi. A gyara tushen, a kankare har a kai siminti, a bar shi ya bushe sosai, mako guda ko fiye, sannan asas, sannan ma'ajun. Wanda ya shafa fenti a kan danshi, kafin a gama ciniki tabon ya dawo. In ka rasa inda ruwan ke fitowa, akwai kamfanonin da ke gano yoyo da na'ura ba tare da fasa bango ba. Karɓi rahotonsu da rasit ɗin gyara ka sa a jakar takardu, mai saye na son ganinsu.

4. Lantarki da na'urar sanyi

Tsofaffin gidaje kan haɗa wuta iri biyu, ta 110 da ta 220, wani lokaci a ɗaki ɗaya. Mai lantarki ya bi ya gwada kowane soket, ya canza waɗanda suka ƙone, ya ɗaure wayoyin da ke lilo, ya rufe akwatin wuta. Kowane ɗaki a sa masa fitila mai haske iri ɗaya. Mukayyif, wato na'urar sanyi, a wanke matatarsa, a buɗe bututun da ke zubar da ruwa kada ya riƙa ɗiga a bango. Wanda ya mutu a cire, a toshe ramin da kyau.

5. Fenti, da abin da bai kamata ka kashe wa kuɗi ba

Launi ɗaya a gidan gaba ɗaya, mai haske. Kore da ruwan hoda da muke so a ɗakunan mata suna da kyau a idonmu, amma suna rage wa ɗaki girma a hoto. Cire ƙusoshi, cike hudoji, goge da samfefa, share ƙura, liƙa tef a gefen ƙofa da soket, fara da sili ka sauko. Ka bar shafar farko ta bushe kafin ta biyu. Da rani kada ka yi fentin waje da tsakar rana, yakan bushe kafin ya kama, a yi shi bayan asuba. Ƙofar waje ta ƙarfe a kankare tsatsa a shafa mata sabo, a sa wa maƙallanta mai, a gyara ƙararrawa. A nan mutum ke tsayawa minti biyu yana jiran a buɗe, idonsa na yawo.

In kuɗin bai isa duka gida ba, yi ƙofar waje, mashigi, majalisar maza, da matakala. Sauran a wanke bangon da soso da ruwan sabulu.

Kada ka sa sabon kicin, kada ka canza tayil ɗin gida duka, kada ka yi adon jibs. Kuɗin ba sa dawowa, kuma matar mai saye tana da irin nata da take so. In gidan ya tsufa ƙwarai har filin ake saye ba ginin ba, share shi kawai ka gyara takarda.

6. Wanki da wari

Hancin mai gida ya saba da gidansa. Girkinmu na daddawa da manja da soyayyen kifi yana kama labule da kafet, mu ba ma ji, baƙo kuwa tun daga ƙofa. Kira wani da ba ya zama a gidan ya shigo ya gaya maka gaskiya. Tsohon mokit, wato kafet ɗin da aka liƙa a ƙasa, a ɗaye shi, sau da yawa tayil mai kyau na kwance a ƙarƙashi. Labule a wanke ko a cire. Kicin a wanke maiƙon bango da fankar fitar da hayaƙi da saman kabad. Farin da ruwa ke bari a jikin famfo, a jiƙa tsumma da khal a naɗe shi awa guda, zai fita. A sabunta tarwiba da silikon a banɗaki, a canza murfin masai da tiyon tsarki, kuɗinsu kaɗan ne amma suna sauya wurin.

Gargaɗi biyu. Kada a kuskura a haɗa ruwan wanki na Clorox da na Flash, ko da khal, iskar da ke tashi tana iya kai mutum asibiti. Kuma ruwan wanki mai asid yana cin marmara yana cin tarwiba. In gidan babu kowa a ciki, a riƙa zuba ruwa a magudanan banɗaki duk bayan kwana biyu, domin in suka bushe warin bayyara da kyankyasai ta nan suke hawowa. A yi feshi mako guda kafin fara nunawa, a share gawarwakin.

Turaren wuta kaɗan, awa guda kafin a zo. In hayaƙi ya turnuƙe, mai saye zai ɗauka ana rufe wani wari ne.

7. Jera gida, sannan hoto

Majalisa ita ce fuskar gida: shimfiɗa mai tsabta, matasai a jere, tsakiya a buɗe. Ɗakin kwana gado da kabad kawai, da zanin gado mara zane. Kan teburin kicin kada a bar komai. Takalman bakin ƙofa a kwashe, igiyar shanya a sauke. Hotunan iyali, takardun asibiti, zinare da kuɗi, duk a ɗauke. In gidan wayam yake, ari shimfiɗar majalisa ɗaya a wurin dangi, tana taimaka wa mutum ya auna girman wuri.

Hoto da safe ake ɗauka, tagogi a buɗe, fitilu a kunne. Goge gilashin wayar, riƙe ta a kwance daidai ƙirji, tsaya a kusurwar ɗaki. Kada mutum ya fito, ka lura da madubi. Ɗauki gaban gida da faɗin titi, domin ana tambayar faɗin titi da inda gida ke fuskanta kafin a tambayi yawan ɗakuna.

Tun 2023 dillancin gidaje sai da lasisin Fal na Hukumar Gidaje, kuma talla na buƙatar lambar izini. Dillalin unguwa da kuka saba da shi, tambaye shi lasisinsa cikin mutunci, ku rubuta yarjejeniya. Kada ka raba gidan ga dillalai biyar kowa da farashinsa a shafukan talla na Aqar da Haraj, mai saye zai ga na ƙasan ya riƙe.

8. Farashi, ranar dubawa, da rufe ciniki

Kada ka ɗora farashi kan abin da maƙwabci ya ce an taya masa. Shiga Bursa Aƙariyya, shafin gwamnati na cinikin gidaje, ka ga cinikin da aka yi da gaske a unguwar, nawa mita ta kama. In mai saye da bashin banki zai biya, bankin zai aiko mai ƙiyasi, kuma ba zai ba da kuɗi bisa son ranka ba. Za a tambaye ka nawa aka taya, nawa ne haddinka, wato kuɗin da ba za ka sauka ƙasa da shi ba. Kada ka ƙirƙiri tayin da ba a yi ba, haramun ne, kuma dillalai sun san juna. Ka lissafa abin da zai fita: harajin cinikin gida kashi 5 cikin ɗari, wanda doka ta ɗora wa mai sayarwa, da la'adar dillali, sa'ayi, kashi biyu da rabi in ba a rubuta wani abu daban ba. A gidan riyal 800,000 haraji 40,000 ke nan, la'ada 20,000. Ku fayyace wa zai biya me tun kafin a yi musafaha. Ɗan ƙasa mai sayen gidansa na farko gwamnati na ɗauke harajin har zuwa riyal miliyan ɗaya na kuɗin gidan, to tambaye shi ko yana da wannan takardar.

Goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin Hajji ba lokacin nuna gida ba ne a Makka, hanyoyi a cushe, ma'aikata sun yi wuya. Sa lokacin dubawa bayan La'asar, a ga gida da hasken rana. Kunna mukayyif rabin awa kafin su iso, a ajiye gahawa da dabino. Mutum ɗaya ne zai yi magana da yawun magada, sauran su ba da wuri. In mai saye ya zo da iyalinsa, mace daga cikin gida ta zaga da su kicin da ɗakuna, kada a bi su da surutu, sau da yawa a can ake yanke shawara.

Aibin da ka sani ka faɗa da bakinka, ka nuna rasit ɗin gyara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma aibin da aka ɓoye yana ba mai saye damar komawa kotu. Na ga mutane da yawa sun ƙara natsuwa da gida bayan an nuna musu inda ya taɓa yoyo.

In an daidaita, kafin alƙalami, wato arbun, a rubuta shi da sharuɗɗansa da wa'adinsa. A cinikin da ya bi ta dillali doka ba ta bari ya wuce kashi 5 na kuɗin gida ba. Sauran kuɗi ta cekin banki tabbatacce ko ta hanyar ifragin intanet, ba a jaka ba, kuma kada makulli ya bar hannunka sai sakki ya koma sunan mai saye kuɗi sun shiga. Ranar miƙawa ɗauki hoton mitar wuta da ta ruwa, biya abin da ya rage, a mayar da su sunan sabon mai gida. Haɗa makullan duka a zobe ɗaya, kowanne da 'yar takarda mai sunan ƙofarsa, har da na tanki da na saman bene.